Amurka a Ƙofar Gidan Surukina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Wata a cikinku ta turo min saƙo wai ƙirƙirar labarin nan nake yi. 'Yar uwa, da ƙirƙira nake, da na zaɓa wa kaina wanda ya fi wannan mutunci.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Khaula, 'yar Malam Abdulsalam mai Islamiyya a Ajingi. Na gama karatun koyarwa, ban samu aiki ba, ban yi aure ba. A gidanmu na biyun kaɗai ake ɗauka a matsayin matsala. Goggo Suwaiba, yayar Baba da ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ita ce mai kula da wannan fanni. Kullum da safe tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi sai ta ce, "Yaron nan har yanzu shiru?"

Yaron shi ne Sharfaddeen. Yana da shagon kayan sola a Gaya, duk Juma'a yake zuwa zance a kan babur ɗinsa, yana ƙamshin turaren da ke riga shi shigowa zaure. Yana da kirki, yana da kunya, idan ya yi dariya sai ya rufe baki kamar ya ci bashin ta. Ina son sa, wannan ba na ɓoye muku. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya: babansa.

Akwai wata kasuwa da ke ci mako-mako a wajen hanyar Toranke, ba zan kama sunanta ba. A bakinta akwai tsohuwar rumfar kwano da matan Fulani masu nono suke zama tun kafin a haife ni. Bara Alhaji Maiwada, shugaban masu rumfuna, kuma mahaifin Sharfaddeen, ya ce su tashi. Ya ce suna tara ƙudaje, kuma 'yan ruga ba su da gado a kasuwa. Ya cika rumfar da buhunan takin zamani, ya sa ƙofa da kwaɗo. Matan suka koma bakin titi. Kafin azahar nono ya tsinke, man shanu ya narke, babura suna watsa musu ƙasa a ƙwarya.

Hanne ce ta ja ni cikin maganar. Ita ke kawo mana nono tun ina firamare. Ranar da babur ya fasa mata ƙwarya ta shigo gidanmu da ɓarin a hannu, ta ajiye a gabana ta ce, "Ke da kika yi boko, ina ake kai ƙara?" Ban sani ba. Amma muka fara taruwa a gindin darbejiya, masu ƙuli-ƙuli ma suka shigo don su ma an fara yi musu barazana, muka sa wa kanmu suna Inuwa Tamu. Hanne ce baki, ni ce mai waya da Turanci.

Wata ƙawata ta turo min sanarwar wata gidauniya a Amurka da ke tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin talakawa masu neman haƙƙinsu, musamman inda ake nuna wa mutane wariya. Na nema, na manta. Sai ga saƙo daga wata Misis Loretta: "Labarinku ya taɓa mu. Muna so mu ga matan ta bidiyo, su yi magana da bakinsu." Idan abin ya yiwu za mu yi rajista, mu samu na motar zuwa gaban hukuma, har mu kafa tamu rumfar.

To a gidanmu sai na hau turmi na jingina da katanga kafin saƙo ya fita. Bidiyo kuwa ba a maganarsa. Na rubuta wa Sharfaddeen:

"Ina neman inda netwok ke da ƙarfi, Talata bayan la'asar."

"Ƙofar gidanmu. Na ɗaura na'ura a kan dogon ƙarfe, duk garin nan babu kamarta."

"Ka san ƙarar wa za mu kai?"

"Na sani."

"To?"

"Baba zai shiga Kano sarin kaya, ba zai dawo da wuri ba."

Can sai ga wani ya biyo baya: "Amma don Allah kar a ambaci tumbinsa."

Ranar Talata na sa atamfata mai ruwan ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan toka, na ɗan shafa hoda don kar Amurka ta ce yunwa ce ta kawo mu. Goggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ina zuwa?"

"Ƙofar gidan su Sharfaddeen."

Gyaɗar hannunta ta zube. "Ke da ƙafarki?"

"Taron ƙungiya ne, Goggo."

"Ko taron me ne, 'yar Malam ba za ta je gidan surukai ita kaɗai ba." Ta shiga ɗaki ta fito da leshinta na biki, wanda ke warin kafur, da ɗan kunnen da ke ja mata kunne ƙasa. Haka muka jera.

Mun tarar Sharfaddeen ya share ƙofar gida ya shimfiɗa tabarmi, ya kife turmi ya ɗora kwamfutarsa a kai. Matan sun fi talatin. Na ce musu su zo yadda suke zuwa kasuwa, sai suka zo da ƙorensu da faifai da ludayi, har da mai goyo biyu. Kafin a fara, maƙwabta sun ɗauka sabuwar kasuwa aka buɗe, Ummi mai ƙuli-ƙuli har ta yi ciniki.

Fuskar Misis Loretta ta bayyana, tar kamar tana cikin turmin. Dattijuwa ce mai furfura a kitso da tabarau, a gabanta kofin shayi, don a can safiya ce. Matan suka yi sallama baki ɗaya, sannan suka shiga gaishe ta ɗaya bayan ɗaya: ina gajiya, ina gida, ina yara, ya shanu. Na fassara har na gaji, na ce mata gaba ɗaya suna gaisuwa.

Ta ce, da Turanci, "Ki yi haƙuri, akwai tambayar da muke yi wa kowa. Mambobinku duka baƙaƙen fata ne?"

Na juya na ce, "Tana tambaya wai ku baƙaƙe ne?"

Hanne ta leƙa cikin kwamfutar. "Ita ba ta gani ne?" Sai kuma ta juya damtsenta. "Ni dai ba baƙa ba ce."

Ummi ta ce, "Ke Hanne, ai rana ta daɗe da cinye farin nan naki."

"Wa ya jawo? Ba rashin rumfa ba?"

Goggo, wadda ba mamba ba ce, ta matso da leshinta ta ce, "Ki faɗa mata mu a danginmu wankan tarwaɗa ne."

Nan wuri ya kaure, kowa na nuna hannunta, wata har ta kwance goyo don a ga yadda aka haifi ɗanta fari sol. Na ce wa Misis Loretta, "Duka baƙaƙe ne, amma ba su amince ba." Ta yi dariya har ta cire tabarau. Daga nan na yi mata bayani cewa mu nan ba launi ne ke raba mu ba. Ana ce musu 'yan ruga, a sayi nononsu, amma idan ana shawarar kasuwa ba a kiran ko ɗaya daga cikinsu.

Hanne ta ƙura mata ido ta ce, "Wannan ai tamu ce, dubi hancinta. Tambaye ta 'yar wace ruga ce."

Na so in share, amma Misis Loretta ta ce me aka ce. Na faɗa mata. Ta ajiye kofin. Ta ce kakannin kakanninta daga wannan yanki na Afirka aka kama su aka sa a jirgin ruwa, ba ta san garinsu ba, ba ta san yarensu ba. Na fassara musu. Hanne ta gyara zama ta ce, "Ce mata ta zo. Idan an bi ruga-ruga ba za a rasa mai kama da ita ba."

Wallahi a nan na ɗauka mun gama cin nasara. Aka ce Hanne ta ba da labarin rumfa. Ta miƙe, ta ɗaura zani, ta fara tun daga kakarta da ta fara zama a wurin. Tana kaiwa kan Alhaji sai ta turo ciki gaba, ta sa hannu a baya, ta shiga taka irin tafiyarsa. Matan suna dariya. Sai na ga dariyar tana mutuwa daga layin baya zuwa gaba. Na waiwaya.

Alhaji Maiwada ne tsaye, ɗan acaɓa na juya babur a bayansa. Ashe motarsa ce ta lalace kafin ya wuce Gaya. Hularsa a karkace, ƙafarsa duk ƙasa, yana kallon ƙoren nono jere a ƙofar gidansa.

"Sharfaddeen, me ake yi a nan?"

Masoyina, wanda na yi zaton zai tsaya min, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Amurka ce."

"Wace Amurka?"

Ya nuna turmi.

Alhaji ya leƙa, Misis Loretta ta ɗaga masa hannu. Ya juya ya shige gida. Na raɗa wa Sharfaddeen, "Sanda zai ɗauko?" Ya ce bai sani ba, bai taɓa ganin sa haka ba. Wasu matan har sun fara ɗora gammo.

Sai ga shi ya fito cikin farar babbar riga mai aiki har gwiwa, da sabuwar hula, da baƙin tabarau. Ya sa aka kawo masa kujera, ya dasa ta daidai gaban kwamfutar har ya tare kowa, ya gyara murya ya ce, "Gud ibinin, Amerika."

Misis Loretta ta tambayi ko wane ne. Kafin in buɗe baki ya ce, "Faɗa mata ni ne uban wannan ƙungiya." Ya ce shi duk rayuwarsa a taimakon mata ta ƙare. Ya ce yana da labarin an zalunci bayin Allahn nan, kuma abin yana hana shi barci. Ya buga hannun kujera ya ce, "Wane azzalumi ne ya tashe su? A faɗa min sunansa yanzu a gaban Amurka."

Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi, ko ya ɗauka babu wadda za ta iya faɗa. Hanne ta leƙo ta gefen babbar rigarsa, cikin ladabi ta ce, "Kai ne, Alhaji."

Wata akuya ta yi kuka a lungu. Misis Loretta ta ce, "Khaula, me ta ce?"

'Yan uwa, ku sa kanku a matsayina. A dama ga Sharfaddeen yana roƙo na da ido. A hagu ga Goggo tana mintsini na a cinya ta cikin siket. A gaba ga mutumin da nake fatan in kira Baba. A baya ga matan da suka baro shanu da 'ya'ya suka tako saboda na ce su zo. Na roƙi Allah ya ɗauke netwok ko na minti ɗaya ne, amma na'urar Sharfaddeen ba ta san kunya ba.

Na ce, "Ta ce shi ne mutumin da ya kore su."

Turancin Alhaji kaɗan ne, amma ya gane daga fuskar matar. Sai ya fashe da dariya, ya ware hannu kamar mai raba goron salla. "Ai maganar cikin gida ce. Ni da su duk ɗaya ne. Wannan yarinya ma," ya nuna ni, ya tattaro duk Turancin da ya mallaka, "mai dota in lo."

Wato wai ni surukarsa ce. Goggo ta saki guɗa. Ita abin da ta ji ke nan a duk taron. Matan baya, da ba su san me aka ce ba, suka taya ta. Misis Loretta ta mayar da tabaranta, ta dube ni, ta ce ta gode, za mu yi magana. Fuskarta ta ɓace, ta bar mu da hoton kanmu.

Washegari da safe na hau turmi, saƙonta ya shigo: "Khaula, matan nan sun burge ni ƙwarai. Amma ƙa'idarmu ba ta yarda mai riƙe da tallafi ta zama 'yar gidan wanda ake ƙara ba. Da gaske ne za ki auri ɗansa? Ki faɗa min gaskiya."

Ban sauko ba na Sharfaddeen ya faɗo a kai: "Ki yafe min na jiya, bakina ne ya mutu. Baba bai yi faɗa ba. Tun asuba yake kiran abokansa yana cewa an gan shi a Amurka. Ya turo su Kawu gidanku."

"Su yi me?"

"Ni ma yanzu na ji. Ki zauna kafin in faɗa miki."

Bai kai ga faɗa ba na ji sallamar maza a zaure. Mutumin da ya shekara yana cewa ɗansa bai isa aure ba, ga shi ya tsallake gaisuwa, ya tsallake tambaya, ya turo ƙannensa da huhun goro da katan ɗin alawa. Baba ya fita. Goggo ta manna kunne a ƙyauren zaure, ni kuma na zauna a bakin rijiya ina wanke kofin da na riga na wanke.

Baba ya dawo yana shafa gemu, alamar an kawo masa mas'alar da bai taɓa gani a littafi ba. Ya ce, "Khaula, Alhaji Maiwada yana nema wa ɗansa aurenki. Ya kuma yanke sadaki da kansa."

Umma ta leƙo daga madafa. "Tun yanzu? Nawa?"

"Ba kuɗi ba ne. Rumfa ce."

"Wace rumfa, Malam?"

"Ta masu nono. Ya ce ranar ɗaurin aure zai kwashe takinsa ya miƙa mata mukulli, ta zaunar da wadda ta ga dama."

Goggo ta ce, "Ya halatta?"

Baba ya ce, "Idan mallakarsa ce, kuma tana da ƙima, ya halatta. Ko tasa ce, wannan ban sani ba."

Labari ya riga ya zaga. Kafin Baba ya rufe baki matan ƙungiya sun fara shigowa, tsakar gidanmu ya cika da ƙore. Ummi ta riƙe hannuna ta ce, "Khaula, ki taimaka ki yi auren nan, zafi na tafe." Wata tsohuwa daga Kademi ta ce yaron ma ba laifi, ta ga haƙoransa. Matan da na tara don neman haƙƙi sun koma 'yan rakiyar ango, Goggo na tsakiyarsu tana raba alawar da ba a riga an karɓa ba.

Hanne ce ta ƙarshen shigowa. Ta sauke ƙwarya, ta ja ni bayan rumbu.

"Kina son yaron?"

Na ce, "Ina so."

"Ko da bakinsa yana mutuwa?"

"Ko da haka."

"To ki aure shi, a ba ki sadaki irin na kowa, ki sayi gado. Idan rumfar ta zama sadakinki, taki ce. Ranar da kuka yi faɗa da mijinki, mu ne za mu koma rana. Kuma kakata ba ta auri kowa ba kafin ta zauna a wurin."

"Matar Amurka fa? Ta ce idan na aure shi ba za su ba ni riƙon tallafin ba."

"Ai ba ke ce mai nono ba. Ki koya min inda ake dannawa. Ke ki riƙa juya magana, ni in riƙa yin ta."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, rabi na daɗi, rabi na jin an sauke ni daga mulki a bayan rumbu.

Na je na durƙusa a gaban Baba. Na ce, "Baba, na amince da Sharfaddeen. Amma ban karɓi rumfa ba. Ba tasa ba ce da zai ba ni, ta masu ita ce."

Goggo ta zauna daɓas a kan buhun gyaɗa. Ummi ta saki hannun mayafina. Baba ya miƙe ya sa takalmi ya koma zaure. Ni da Hanne muka bi shi har bakin ƙyaure muka laɓe.

Ya faɗa musu yadda na faɗa, bai rage ba. Sai babban kawun ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, bari ya kira Alhaji. Ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ya maimaita masa komai. Ni kuwa ina jiran in ji an ce a kwaso goro a dawo.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce, "Matar Amurkar tana kan layi?"

Kawun ya ce, "A'a, Yaya. Mu ne dai da Malam."

"To a kira ta. Ina da jawabi, kuma ba zan yi shi babu ita ba. Ku jira in sa riga."

Baba ya turo ƙyauren, ya same mu tsugune a bayansa, bai ko yi mamaki ba. Ya ce, "Kin ji."

Na duba wayata. A can ƙasarsu ko asuba ba ta yi ba, ga saƙonta na nan ban amsa ba. Na lalubo lambarta. Hanne ta goge hannunta a zani, ta zare wayar daga hannuna.

"Nan ake dannawa?"

Na ce eh.

Ta danna, ta kanga a kunne, ta ce wa matan da suka taru a bayanmu, "Ku yi shiru, tana shiga."